Inuwar Madyana: Ladabin Murid A Wajen Neman Sabon Aiki

Godiya ta tabbata ga Allah Mai arzurtawa, wanda Ya raba abincin bayinSa tun kafin Ya halicce su, sannan Ya ɓoye shi a bayan sabubba domin a motsa a nema. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu, wanda ya yi kiwo a ƙuruciyarsa, ya yi fatauci a samartakarsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa da duk waliyyan Allah.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Magarya da Dungas ya san cewa abincin mutanenta ƙafa biyu gare shi: ɗaya a gona, ɗaya a kan iyaka. Gundumomi ne da ke kudancin jihar Damagaram, a da guda ɗaya ce kafin a cire Dungas a 2011, kuma ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 900,000 a cikin su biyun. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun yi ta rabuwa a gado, har gandun da kaka ya ciyar da gida guda da shi ya koma 'yan gayauni a hannun jikoki. Geron da aka girbe ba kasafai yake kai gida wata damina ba. Shi ya sa da an ɗaure dammuna an zuba a rumbu sai samari su ɗauki jaka su tafi cin rani. Wannan ya bi ta Tinkim ya faɗa Babban Mutum, wancan ya bi ta Adare ya shiga Maigatari, daga nan sai Kano ko Abuja ko Legas: ga-ruwa, dako, gadi, yankan farce, shayi, lebaranci a wajen gini. Wasu ma ba su yin nisa, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta ishe su, ko dillancin dabbobi, ko kabu-kabu, ko sayar da man ruwa-ruwa a kwalba bakin hanya.

A 'yan shekarun nan an ga ƙofofin nan suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamban 2020. A 2022 Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanninta, kamar yadda Kano ta riga ta yi tun 2013. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur a Nijeriya, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, sai ribar ruwa-ruwa ta ƙafe kamar tafki a bazara. Naira kuma, wadda ita ce kuɗin hannu a kasuwanni da yawa na bakin iyaka, ta faɗi daga kusan 460 a kan dalar Amurka zuwa sama da 1,400 cikin wata takwas, ta yadda ɗan cin rani zai yi wata biyar yana tura kurar ruwa, ya zo wajen canji ya ga abin da ya tara ya narke a hannunsa. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya zo, aka sake rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. A can gefe kuma ga waɗanda suka yi boko, sun gama jami'a a Damagaram ko Yamai, sun yi bautar ƙasa, takarda tana cikin akwati, ana jiran a ce an buɗe gasar ɗaukar aiki.

Wannan shi ne halin da muridai da yawa suke zuwa wazifa da shi a zuci. Baki yana karanta Salatul Fatihi, zuciya tana lissafin tiyar hatsi. Babu abin kunya a cikin haka, domin yunwar iyali ba wasa ba ce, kuma Musulunci bai taɓa ce wa magidanci ya yi kamar bai ji kukan ɗansa ba. Abin da ya kamata a duba shi ne me ya rufe a haƙiƙa. Masana Allah sun bambanta tsakanin arziki da sababin arziki. Arziki rabo ne, an rubuta shi tun mutum yana cikin mahaifiyarsa, kamar yadda hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu ya tabbatar. Sababi kuwa ƙofa ce da rabon yake shigowa ta cikinta, kuma Mai gidan Yana da ikon Ya rufe wannan Ya buɗe waccan. Wanda ya daɗe yana karɓa ta ƙofa ɗaya sai ya saba, har ya ɗauka ita ce mai bayarwa. Ranar da aka rufe ta sai ya zauna a bakinta yana kuka, alhali kwanon nasa an zagaya da shi ta wata ƙofar. Dattawan Magarya sun taɓa ganin irin wannan. A zamanin gyaɗa, lokacin da SONARA take saye ana loda buhuna, babu wanda ya yi zaton za a wayi gari ba ita. Sai farin 1973 da cutar da ta biyo baya suka kwantar da ita. Mutane ba su ƙare ba. Wake da riɗi da rake da fatauci suka maye gurbin.

Babu ƙissar da ta fi dacewa da mai neman aiki kamar ta Annabi Musa (AS) a cikin Suratul Ƙasasi. Mutum ne da ya tashi a fadar Fir'auna, bai san rashi ba. Dare ɗaya ya bar Masar cikin tsoro, ba guzuri, ba abin hawa, bai ma san hanya ba. Masu tafsiri sun ambaci cewa ya yi kwanaki yana tafiya ba abin da yake ci sai ganyaye, har ya isa rijiyar Madyana, baƙo a ƙasar da ba ya da kowa. Duk ɗan cin ranin da mota ta taɓa saukewa a tasha da dare, ba lambar wayar kowa a aljihunsa, ya san ɗanɗanon wannan tsayuwa.

Abin lura shi ne abin da ya fara yi. Ya tarar da makiyaya sun yi cincirindo suna shayar da dabbobinsu, ga wasu mata biyu a gefe suna tsare nasu, ba su iya kutsawa cikin maza, mahaifinsu kuma tsoho ne. Shi da yake buƙatar a taimake shi, sai ya tambaye su damuwarsu, ya shayar musu, bai yi ciniki ba, bai ce a ba shi ko kofin nono ba. Daga nan ya koma inuwa ya kai kukansa ga Ubangijinsa, ya bayyana cewa shi mabuƙaci ne ga duk wani alherin da za a saukar masa. Bai zaɓa wa Allah irin alherin ba. Bai ce sai fada irin wadda ya baro ba. Malamai sun ce a lokacin ko ɓarin dabino ya samu zai yi murna, alhali shi ne wanda Allah zai yi magana da shi. Yana cikin inuwar nan aka aiko kiransa.

To aikin da ya samu, ta hanyar wancan taimakon na kyauta ya zo. Ɗaya daga cikin matan ta ba mahaifinta shawara ya ɗauke shi, ta kuma kafa hujja da abu biyu da ta gani da idonta: ƙarfi da amana. Ƙarfin ta gan shi a bakin rijiya, amanar ta gan ta a yadda ya kame idonsa da harshensa a hanya. Har gobe waɗannan biyun ake nema. Mai shago a Kantin Kwari, da mai garka a Waca, da mai motar da ke neman yaron mota, duk tambayarsu ɗaya ce: zai iya, kuma ba zai ci ba? Lokacin da aiki ya yi ƙaranci, masu iyawa suna da yawa, amintattu ne ake nema da fitila. Mutumin Nijar ya yi suna a biranen Nijeriya da gadi da tsaron shago saboda amanar da iyaye suka shuka. Jari ne da aka gada, kuma duk wanda ya ci amana ɗaya ya rufe ƙofa a fuskar 'yan garinsu goma da za su zo bayansa. Murid da ya riƙe wuridi ya fi kowa cancantar a bar masa makulli a tafi a yi barci.

Sai kuma yadda aka ƙulla aikin. Dattijon ya faɗi ladan, ya faɗi wa'adin: shekara takwas, in ya cika goma to kyautatawa ce daga gare shi, ya kuma yi alkawarin ba zai tsananta masa ba. Annabi Musa ya maimaita sharaɗin da bakinsa, suka sanya Allah shaida. Annabi da mutumin kirki ke nan, amma ba su bar zancen a duhu ba. Yau yaro zai shiga aiki da kalmar "za a gyara maka", ya yi wata shida, ranar rabuwa a yi baram-baram, kowa yana rantsuwa. Faɗin lada kafin aiki ba rashin kunya ba ne, hukunci ne na fiƙihu, domin ijara ba ta inganta sai an san aikin an san ladan. Tsananin buƙata yakan sa mutum ya ji nauyin tambaya, amma tambayar ta fi husuma sauƙi.

Akwai wani ruɗi da Shaiɗan yake shigo wa ma'abota zikiri da shi musamman, wanda ba ya zuwa wa wasu da shi. Idan aiki ya ƙwace, aka yi nema sau biyu sau uku ba a dace ba, sai ya raya wa murid cewa ai wannan ishara ce, Allah Yana son ya bar duniya ya tare a zawiya. Sai a ga magidanci ya shimfiɗa buzu daga hantsi zuwa la'asar, matarsa tana can tana surfe a gidan maƙwabta don a sami na koko. Shehu Ibn Aɗa'illah na Iskandariyya, wanda ya rasu a 709 bayan hijira, ya warware wannan tun a farkon littafinsa Hikam. Ma'anar abin da ya nuna ita ce, wanda Allah Ya tsayar a cikin sabubba idan ya nemi ya tuɓe su, wata ɓoyayyar sha'awa ce take jan sa, kamar yadda wanda aka tsayar a kan tajridi idan ya koma neman sabubba ya sauko daga himma maɗaukakiya. Shi kansa ya ba da labarin ya taɓa shiga wajen shehinsa Abul Abbas Al-Mursi da niyyar ya ajiye karantarwa da harkokinsa ya lizimci shehin, sai shehin ya riga shi magana, ya nuna masa ya zauna inda Allah Ya ajiye shi, abin da aka ƙaddara masa zai iso shi a nan. Alamar mai tajridi na gaskiya ita ce zuciyarsa ba ta leƙen hannun mutane, kuma babu wanda yake kwana da yunwa saboda zamansa. Wanda yake da mata da 'ya'ya, idonsa kuma yana kan aljihun duk wanda ya shigo zawiya, wannan an tsayar da shi a cikin sababi, ya tashi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Ɗariƙar Shehu Tijjani (RTA) ba ta shardanta wa kowa ya bar sana'arsa ba. An gina ta a kan shukura, an kuma tsara wuridanta yadda manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci za su iya ɗauka: lazimi safe da yamma, wazifa sau ɗaya a yini, zikirin Juma'a bayan la'asar. Sauran yinin na neman halal ne. Shehu Ibrahim Inyass (RTA), wanda Failar ta bayyana a hannunsa a 1929, a ƙauyen Kosi yake yin damina da almajiransa, ana noma ana tarbiyya. A ƙasar Hausa ma labari ya shahara cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo igiya yake tufkawa a sayar ya ci daga ciki. Tawakkali aikin zuciya ne, nema aikin gaɓɓai ne, kuma ba su taɓa yin faɗa ba sai a kan wanda bai fahimce su ba. Tsuntsun da Manzon Allah (SAW) ya buga misalin tawakkali da shi, da sassafe yake barin sheƙa. Nana Hajara sai da ta yi safa da marwa sau bakwai, ruwan kuma ya ɓuɓɓugo a ƙarƙashin ƙafar jaririnta, a wurin da ba nan take gudun ba. Amma an so a ga gudun, har aka mayar da shi ibada ga duk alhaji.

Cuta ta biyu ita ce raina sana'a, kuma ta fi kama wanda ya taɓa riƙe babba. Wanda ya saba juya jarkoki hamsin a yini yana jin nauyin a gan shi da kwandon tumatir a ka. Mai takardar jami'a yana jin kunyar ya zauna gaban mai gyaran babur ya koyi kwance inji. Nafsu ce take magana, ta yafa rigar mutunci. A duba sunayen manyan wannan tafarki: Abu Hafsin Al-Haddad maƙeri ne, Abu Sa'id Al-Kharraz baduku ne, Khairun Nassaj masaƙi ne, Sariyyus Saƙaɗi ɗan gwangwan ne a kasuwar Bagadaza, Ibrahim ɗan Adham ya bar sarauta ya koma girbi da gadin gonaki a Sham yana cin ladansa. Annabi Dawuda sarki ne, amma daga aikin hannunsa yake ci. Annabi Zakariyya kafinta ne. Fiyayyen halitta (SAW) ya faɗa da bakinsa cewa ya yi wa mutanen Makka kiwon awaki a kan 'yan ƙiraɗai. Wanda yake salati gare shi sau ɗari da safe sau ɗari da yamma bai kamata ya ga ƙasƙanci a aikin da shi ya yi ba.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas cewa wani Ba'ansare ya zo roƙo, sai Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi abin da ya rage a gidansa. Ya ce wata shimfiɗa ce da ƙoƙon shan ruwa. Aka kawo su, Manzon Allah ya yi gwanjonsu da kansa aka sami dirhami biyu, ya ce ɗaya a sayi abinci a kai wa iyali, ɗaya a sayo ruwan gatari. Da hannunsa mai albarka ya sa wa gatarin ƙota, ya umarce shi ya je ya yi itace ya sayar, kada ya dawo sai bayan kwana goma sha biyar. Ya dawo da dirhami goma. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Darasin ba a itacen yake ba, kada wani ya ɗauki gatari ya nufi gawon mutane. Darasin shi ne an fara da tambayar me ya rage a hannu. Mai neman sabon aiki yakan cika zuciyarsa da abin da ya rasa har ya manta da abin da yake da shi: babur da aka jingine, akuya biyu, rabin gona, karatun allo da zai iya koyarwa, lissafin da ya koya a lakwal, sanin hanya da sanin mutane da ya tara a shekarun fatauci.

Ƙasar ma tana da abin da ya rage mata. A kwarin Korama, wajen Bande da Waca da Guci, ruwa yana kusa, rake da rogo da kayan garka suna yi da rani, kuma aikin garka ba ya ƙin hannu. Sannan ga gawo. Bayan farin shekarun 1970 da 1984 ƙasar nan ta yi tsirara, har aka ɗauka hamada ta ci ta. Manoman Magarya da Matamai da Mirya ba su jira wani ya kawo musu dashe ba. Sun riƙa barin tohon da ke fitowa daga kututturan da ke cikin gonakinsu, suna gyara shi, suna kare shi. Masu bincike da suka zo daga baya sun ƙiyasta wajen eka miliyan ɗaya ta Faransa da ta koma dajin gawo a wannan yanki, har ana zuwa daga wasu ƙasashe ana koyo. Saiwar tana nan a ƙasa duk tsawon shekarun da ake kuka. Gawon kansa kuma aya ce ga mai tunani: da damina, lokacin da kowane itace yake taƙama da ganye, shi a bushe yake, da rani, lokacin da kowa ya kaɗe, sai ya yi kore, ya ba dabba abinci, ya ba mutum inuwa. Wanda Ya saɓa wa gawo lokaci Yana iya kawo wa bawa buɗi a shekarar da kowa yake cewa babu.

Ba a hana tafiya ba. Annabi Musa ma tafiya ya yi, Alƙur'ani kuma ya ambaci masu tafiya a bayan ƙasa don neman falalar Allah da kyakkyawan ambato. Amma tafiya tana da iyaka. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, hanyar arewa take jan samari, ga Libiya, ga Aljeriya. Wasu sun samo, wasu rami ya rufta da su, wasu har yau ba labari. Mutanen Damagaram ba su manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, mafi yawansu daga Kance, maƙwabciyar Magarya; motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Shari'a ba ta yarda mutum ya jefa kansa ga halaka ba, balle ya tura matarsa da ƙananan 'ya'yansa bara a wata ƙasa shi yana gida yana jiran aike. Wanda zai jinginar da gonar gado don kuɗin mota, ya tuna cewa ya sayar da sababin da yake hannu ne ya sayi wanda yake cikin zato. Kafin a ɗaura jaka akwai istihara, akwai shawarar wanda ya san hanyar kuma ba ya da riba a tafiyar, akwai yardar iyaye, akwai abin da za a bar wa iyali su ci. Sannan a tambayi kai: a can za a iya tsayar da salla a kan lokacinta, a riƙe lazimi? Aikin da farashinsa salla ce ya yi tsada komai albashinsa.

Haka nan gajerun hanyoyin da ake bi a gida. Ba da cin hanci don a ture wanda ya fi cancanta, sayen takardar da ba a yi karatunta ba, dakon ƙwaya a ƙarƙashin kujerar babur domin an ce tafiya ɗaya ta fi kabu-kabun wata guda. Hadisi ya yi gargaɗin cewa kada jinkirin arziki ya sa mutum ya neme shi ta hanyar saɓo, domin rai ba zai mutu ba sai ya cika rabonsa. Ma'ana, abin da za a samu ta haram shi ne dai wanda da an yi haƙuri zai zo ta halal. Gaggawa ba ta ƙara ko ƙwayar gero ba, zunubi kawai ta ɗora. Ga murid asarar ta ninka, saboda lomar haram tana toshe addu'a, tana kashe hasken zikiri, mutum ya yi ta jan carbi yana jin zuciyarsa kamar dutse bai san daga ina abin ya faro ba. Akwai kuma masu cin kasuwar wahalar mutane da sunan malanta, a karɓe ragowar jarin mutum a ce za a yi masa aikin da za a kira shi ofis cikin kwana bakwai. Wannan ba ya cikin ɗariƙa ko kaɗan. Istigfari kam yana buɗe ƙofar arziki, Suratu Nuhu ta nuna haka, kuma Hasanul Basari ya kasance yana ba mai kukan fari da mai kukan talauci da mai kukan rashin haihuwa wannan magani guda ɗaya. Yana nan cikin lazimi sau ɗari safe da yamma, kyauta. Sai dai wuridi ana yin sa ne don Allah; wanda ya mayar da shi jarin neman kuɗi, ranar da kuɗin suka yi jinkiri zai ajiye carbin.

Nauyin bai tsaya a kan mai nema kaɗai ba. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina hannu wofi, Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansaru. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya shiga kasuwar Ƙainuƙa'a, ya dawo da ɗan cuku da man shanu, ba a jima ba ya yi aure da zinariyar da ya samo. Ana yawan yabon kamun kan Abdurrahman, ana mantawa da cewa sai da aka sami mai tayi da mai nuna hanya. Da'irar wazifa cike take da masu nuna hanya. A sahu ɗaya akwai tela da yake neman yaro, da mai garkar da ba ya da hannu, da direban da ya san inda ake ɗaukar leburori, da saurayin da ya yi wata huɗu ba aiki yana jin kunyar faɗa. Ana tashi a yi musafaha a watse, ba wanda ya san halin wani. Muƙaddamin da ya san halin muridansa, ya haɗa wannan da wancan, ya tsaya wa yaro shaida a gaban mai shago, ya yi hidimar da ba ta gaza yawan nafila ba. Mai hali kuma da ya ba ɗan'uwansa jari a kan ƙiradi, a raba riba yadda aka yi sharaɗi, ya fi wanda yake miƙa masa jika ɗaya duk Juma'a har ya saba da miƙa hannu.

Wanda kuma Allah Ya ba ikon ɗaukar ma'aikaci a wannan lokaci, ya ji tsoron Allah kada ya mayar da yunwar mutane riba. Da yake masu nema sun yi yawa, abu ne mai sauƙi a karya lada, a ja biya, a ce in ba ka so ga goma a ƙofa. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa mutum uku Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi aikin cif, ya hana shi ladansa. Dattijon Madyana ya sami baƙo mai yunwa, wanda zai yarda da kowane sharaɗi, amma ya ciyar da shi, ya kwantar masa da hankali, ya aurar masa da 'yarsa, ya kuma bar masa zaɓi a cikin wa'adin.

Allah Ya buɗa wa masu nema ƙofofin halal, Ya tsare matafiya Ya mayar da su ga iyalansu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, Ya ba da damina mai albarka a Magarya da Dungas da sauran ƙasashen Musulmi, albarkar Annabi Muhammadu (SAW).